Sauro, Auren Dole, Ko Littafin Bashin Umma?

Anti, barka da aiki. Shekarata 18, a Zariya nake. Bara na gama sakandare, sakamakona na WAEC ya yi kyau, na kuma rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka. Ina neman gurbin karatu da tallafi a jami'o'in Amurka ta Common App, shafin intanet da ake cike fam ɗaya a tura wa jami'o'i da yawa, kuma abin da ya hana ni barci shi ne maƙalar da ake so mutum ya rubuta a kan kansa. Yanzu haka guda uku gare ni.

Ta farko a kan littafin bashin Ummata ce. Tana sayar da kayan miya a cikin gida, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da man gyaɗa, kuma tun ina aji shida na firamare ni ke riƙe mata lissafi. Na tura wa Yayana, ɗan yayar Umma da ke karatu a can, ya ce ba ta da armashi, su mutanen can abin dariya ko abin mamaki suke so. Ya ce in rubuta da bakin sauron ɗakina, yana ba da labarin yarinyar da ke karatun dare. Na rubuta. Kowa ya karanta sai ya yi dariya, amma ni ji nake kamar na ari kayan wata na sa. Malaminmu na Turanci kuma ya ce duka biyun shirme ne, in rubuta kan yadda ake hana 'ya mace karatu a Arewa, in ce an so yi mini auren dole na ƙi. Anti, Abbana babur ɗinsa ya sayar ya biya mini kuɗin SAT. Ita ma na rubuta, amma ko karanta ta ba na iya yi.

Ban sani ba ko yana da amfani, amma a littafin ba na rubuta sunan kowa. Alamomi nake zanawa, don kada yaran da ake aikowa su leƙa su ga wadda ake bi. Ban sa wannan a maƙalar ba, na ga kamar wasan yara ne. Ranar 1 ga Nuwamba za a rufe zagayen farko na karɓar takardu. Wacce zan tura?

Mai Lissafi, Zariya

'Yata Mai Lissafi,

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun wuri ɗaya na tsaya: maganar nan da kika jefo a ƙarshe, kina cewa ba ki sani ba ko tana da amfani. Zan dawo kanta. Bari dai mu fara sallamar wadda ba ta buƙatar dogon zance.

Maƙala ta uku ki goge ta yau. Jikinki ma ya riga ya gaya miki, tunda ko kallonta ba kya iyawa. Kafin ki danna turawa a Common App akwai inda za ki sa hannu ki tabbatar cewa duk abin da ke cikin takardunki gaskiya ne kuma aikinki ne, kuma jami'o'in can na da ikon janye gurbi idan suka gano ƙarya, ko da ɗalibi ya riga ya fara karatu. Ta fuskar doka ke nan. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai babur ɗin ne. Mutum ya koma taka sayyadarsa don ki zauna jarrabawa, sannan a tura labarinsa ya tsallaka teku a matsayin uban da ya so ya yi wa 'yarsa auren dole? Ko duniya ba ta taɓa sani ba, ke kin sani, kuma da sanin za ki zauna shekara huɗu a makarantar. Ga shi kuma akwai 'yan matan da abin ya faru da su da gaske, wataƙila har a cikin ajinku. Labarinsu ne, kuma da tsada suka same shi.

Kada ki riƙi Malam a zuciya. Ban ga mugunta a shawararsa ba. Ya san irin labarin da mutanen waje suka saba ji game da Arewa, ya ɗauka shi ne mabuɗin ƙofar, kuma so yake ki shiga. Kuskure ya yi, amma na mai so. Ki tuna kuma mai yiwuwa shi ne zai rubuta miki takardar shaida, wadda ita ma ana karanta ta tare da maƙalar. To ki same shi bayan an tashi, ki gaishe shi, ki ce: "Malam, na gwada yadda ka ce, amma na kasa sa Abba a wannan matsayin. Ga wadda nake gyarawa, don Allah ka duba mini Turancin." Kin faɗi gaskiya, kin kuma bar masa girmansa da aikin da ya fi kowa iyawa. Da wuya malami ya ji an ambaci uba haka ya ci gaba da matsawa.

Yayanki kuwa yana da rabin gaskiya, kuma rabin nan mai nauyi ne. Masu tantance takardu a manyan jami'o'in Amurka suna karanta dubbai a cikin 'yan watanni, kuma mintuna kaɗan kowane ɗalibi ke samu. Maƙalar da ta fara da "tun ina ƙarama nake son ilimi" ta yi barci tun kafin ta miƙe. Gaskiya ne kuma can ana yaba wasa da tunani. Jami'ar Shikago ta yi suna da tambayoyinta na ban mamaki, waɗanda ɗalibanta da tsofaffin ɗalibanta ke ba da shawararsu. Ta taɓa tambayar masu nema yadda suke ji game da ranar Laraba, ta kuma taɓa cewa kawai su nemo x. A 2016 wata ɗaliba daga jihar Delaware ta rubuta maƙalarta a kan yawon da take yi a kantin Costco tun tana yarinya, ta samu gurbi a Stanford da wasu manyan jami'o'i biyar, labarin ya zagaya jaridu. Irin waɗannan ne Yayanki ya gani ya ce miki abin mamaki ake so.

Abin da ya tsallake shi ne yarinyar nan da gaske ta tashi tana bin uwarta kantin. Ba zama ta yi ta ce me zan ƙirƙiro da zai ba su dariya ba. Abin da ke gabanta kullum ta kalla da kyau har ya zama sabo. Sauronki kuwa daga waje aka kawo miki shi a cikin leda.

Ga gwajin da nake sa ɗalibaina su yi. Ɗauki maƙalar sauron, ki cire sauron. Ki soke duk inda yake magana a kan kansa, fiffikensa, yunwarsa, tsoronsa na maganin feshi, ki bar abin da ya faɗa game da ke kaɗai. Me ya rage? In ban yi kuskure ba, yarinya ce mai ƙoƙari da ke karatu da fitila bayan an ɗauke wuta. Madalla da ita. Sai dai duk wanda ya nemi gurbin nan daga Najeriya, da Gana, da Kenya, da Indiya, karatun dare ya yi. Mai karantawa zai yi dariya, ya rufe, ya tuna sauro, ya manta ke.

Akwai kuma wani abu da sauron ke yi miki wanda nake zaton shi ya sa kika yarda kika rubuta shi tun farko. Mu an raine mu a kan yabon kai jahilci ne. Yarinyar kirki ba ta zama ta ce ni na yi, ni na iya. Sai ga takarda daga Amurka ta ce ki cika shafi da "ni". Dole abin ya yi nauyi. Shi ne kika ɗauko sauro kika mayar da shi maroƙinki, yana yi miki kirari ke kina bayan labule. Na fahimci wannan sarai, kunya ba aibi ba ce. Amma maƙalar ba yabon kai take nema ba. So ake a ga yadda kike tunani, da abin da kike lura da shi, da abin da kike yi idan babu mai kallo. Ana iya nuna duk wannan ba tare da an yabi kai ko sau ɗaya ba: ki faɗi abin da ya faru, ki bar mai karatu ya yanke hukunci.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta.

Yarinya 'yar aji shida, ba wanda ya sa ta, ta lura cewa yaron da aka aiko sayen daddawa na iya leƙa littafi ya ga sunan maƙwabciyarsu, ya je gida ya faɗa, gobe magana ta zagaya unguwa. Sai ta ƙirƙiro rubutun da ita kaɗai ke iya karantawa, ta yi shekara bakwai tana aiki da shi. Wannan kika kira wasan yara? 'Yata, abin mamakin da Yayanki ke nema ke nan, yana cikin ɗakinku tun tuni, kuma ba aro ba ne. A ciki akwai lissafi, akwai dabara, akwai sanin darajar rufin asiri, akwai kuma ban dariya, in kika bari ya fito.

Ban ga littafin ba, don haka tambayoyi zan yi miki, ki amsa wa kanki a rubuce. Wace alama kika fara zanawa, kuma me ya faru ranar da ya sa kika zana ta? Yaya kike zaɓar alamar mutum? A ce wata kullum da tsintsiya a hannu kike ganin ta sai kika zana mata tsintsiya, wata kuma mai yawan surutu kika yi mata rediyo. Da matan suka yi yawa alamomi suka fara kama da juna, ya kika yi? Kin taɓa rikita biyu, aka bi wadda ba ta ci ba? Umma na iya karanta rubutun, ko sai ta kira ki ta ce "Zo ki duba mini nawa ake bin mai tsintsiya"? Akwai ƙanin da ya taɓa ƙoƙarin fasa sirrin? Ya kike ji idan kika haɗu da mai alamar tulu a gidan biki ta sha sabon leshi, alhali ke kin san kuɗin man gyaɗa na wata uku na nan a shafi, kuma dole ki durƙusa ki gaishe ta kamar ba ki san komai ba? Sannan wadda ta fi duka: akwai ranar da Umma ta ce ki soke bashin wata, saboda mijinta ya rasu ko an sallame shi daga aiki? Da kika ja layi a kan alamar, me kika ji? Kin yarda da Umma a ranar, ko a zuciyarki kina lissafin asarar?

In kika amsa waɗannan da gaskiya, za ki samu abin da ya fi ƙarfin kalma 650, wadda ita ce iyakar maƙalar Common App. Aikinki zai koma zaɓe da yankewa, kuma ya fi cikon shafi daɗi nesa ba kusa ba.

Ki sani kuma, da Yayanki ya ce maƙalar farko ba ta da armashi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Batun ne mai kyau, rubutun bai kai ba tukuna. Ina iya cankar yadda take: ta fara da bayanin sana'ar Umma, ta bi da yadda kike taimakawa, ta ƙare da cewa wannan ya koya miki riƙon amana da shugabanci. Kusan duk ɗalibin da ya taɓa kawo mini maƙala da wannan wutsiyar ya ƙare, kamar an raba musu ita a bakin ƙofa. Kin cire abin da ke naki, kin bar abin da ke na kowa, don kin ɗauka shi ne mai mutunci.

Ga yadda zan so ki sake ta. Kada ki fara da kwamfuta, kada ma ki fara da Turanci. Ki kira ƙawarki ta kusa, ko ki kunna rikoda a waya, ki ba da labarin littafin da Hausa kamar kuna hira a tsakar gida. Ki saurara daga baya. Inda muryarki ta ɗaga, inda kika yi dariya, inda kika yi shiru, nan ne ƙashin maƙalar. Daga nan ki rubuta da Turancin da kike iya magana da shi. Kalmar da ba za ki iya faɗa a baki ba tare da kin ji kunya ba, kada ki sa ta. Yaranmu da yawa suna zuwa ƙamus su kwaso manyan kalmomi, maƙala ta fito kamar jawabin ranar yaye ɗalibai.

Ki buɗe da abu guda da ido zai gani: yaro tsaye a bakin ƙofa da kwano, yana cewa an ce a ba shi kuka ta ɗari a rubuta, ke kuma kina karkatar da littafi kina zana tsintsiya. Kada ki bayyana komai tukuna, mai karatu zai bi ki don ya ji dalili. Kalmomin Hausa biyu ko uku sun isa, waɗanda Turanci ba shi da madadinsu sosai, irin su mutunci ko rufin asiri, ki bar labarin ya fassara su. In suka yi yawa sun koma ado, ado kuma shi ne sauron ya dawo ta taga. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin uku na maƙalar ga tunaninki na yanzu: me kika gane game da kuɗi da mutane wanda 'yar aji shida ba ta gane ba? Wace tambaya ce har yau ba ki da amsarta? In abin da kike son karantawa ya haɗu da wannan, tattalin arziki ne ko kimiyyar kwamfuta, ki faɗa a jimla ɗaya ko biyu. In bai haɗu ba kada ki ɗaura masa aure da ƙarfi. Tambayoyin Common App bakwai ne, ta ƙarshe ma cewa ta yi ki rubuta a kan duk abin da kika ga dama.

Abu biyu kada ki manta. Littafin na Umma ne, ki nemi izininta. Matan kuma sirrinsu kika shekara bakwai kina rufewa, kada ki zo ki tona shi a maƙala. Babu suna, babu kwatancen da ɗan unguwa zai gane.

Idan kin gama, ki ba wa mutum biyu kawai, uku in ya yi yawa. Maƙalar da ta bi hannu goma takan fito sumul ba ta da fuska. Ɗaya ya zama wanda ya san ki ciki da waje, ki tambaye shi abu ɗaya: ni ce wannan? Ɗayan Malam, don nahawu. Manhajojin nan masu rubuta wa mutum abu kuwa ki yi nesa da su a wannan aikin. Dokar Common App ta lissafa miƙa rubutunsu a matsayin naki cikin maguɗi, kuma ko ba doka, su ne sarakan goge irin ƙananan abubuwan da muke ƙoƙarin cetowa.

Yayanki fa? Ki tura masa sabuwar ki ce: "Yaya, ka ce a sa abin mamaki, ga shi na samo." Ba zolaya ba ce, shi ya tura ki nema. In ya nace a kan sauron, ki gaya masa ba a jefar ba. Jami'o'i da yawa na da ƙananan tambayoyi nasu ban da babbar maƙala. Stanford, misali, takan ce ka rubuta ɗan saƙo ga wanda za ku zauna ɗaki ɗaya, kalma 250 iyaka. A irin wannan wurin wasa ke da mazauni, kuma gargaɗin abokiyar ɗaki cewa kin ƙware a farautar sauro cikin duhu zai zauna daram, da bakinki wannan karon.

Game da 1 ga Nuwamba, kada ranar ta sa ki tura ɗanyen aiki. In maƙalar ta nuna, ki tura. In ba ta nuna ba, zagaye na biyu na rufewa a farkon Janairu a yawancin makarantun. Ki duba da kyau kuma wane irin zagayen farko ne, don akasari iri biyu ne. Early Action bai ɗaure ki ba. Early Decision alkawari ne cewa in an ɗauke ki za ki je, kuma ga mai buƙatar cikakken tallafi wannan na hana ta kwatanta abin da makarantu daban-daban za su bayar. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas na ba da shawara a kan irin waɗannan, ki tuntuɓe su, har da maganar biza, wadda dokokinta ke yawan sauyawa.

Sai magana ɗaya da ba za ki so ji ba, amma da 'yar cikina ce ma zan gaya mata. Jami'o'i irin su Harvard da Stanford ƙasa da mutum biyar suke ɗauka cikin kowane ɗari, kuma suna mayar da dubban masu kyakkyawar maƙala duk shekara. Maƙala ɗaya ce daga cikin abubuwan da ake dubawa, tare da sakamako, da shaidar malamai, da kuɗin tallafin da makarantar ke da shi a shekarar. Don haka ki baza komarki har ga ƙananan kwalejojin da sunansu bai yi ƙara a nan ba amma suna ba da tallafi, ki kuma yanki fam ɗin JAMB idan lokacinsa ya zo. Jami'ar Ahmadu Bello na nan a bayan gidanku, kuma ba ƙaramar makaranta ba ce. Ki zauna da Abba ki gaya masa wannan lissafin tun yanzu, don kada nauyin babur ɗin ya zama a kanki ke kaɗai kike ɗauke da shi.

Yau da daddare, bayan an rufe ciniki, ki ɗauko tsohon littafin, na farkon in yana nan, ki zauna kusa da Umma ku buɗe shafin farko tare. Ki tambaye ta abin da ta ce a ranta ranar da ta fara ganin zanen a maimakon suna. Ki ajiye waya tana ɗauka. In kin samu sarari ki rubuto mini ki gaya mini wace alama ce ta farko. Alamar kawai, ba sai kin faɗi mai ita ba.

Taki,
Anti